Goggo da Kiret Hamsin na Gidan Burodi

Goggo yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ce ta fari a ɗakinsu. Muna da goggonni huɗu, amma a danginmu idan aka ce Goggo aka yi shiru, ita ake nufi. A unguwarsu kuwa Mai Ƙwai ake ce mata. Abin da zan faɗa a nan, wani na gani da idona, wani ita ta ba ni da bakinta, sauran na tsinta a wurin mijinta da ma'aikatanta.

Karatunta bai wuce aji shida na firamare ba. Babana yakan ce duk ɗakinsu ta fi su kai, don tun tana ƙarama idan ta dubi tarin abu takan faɗi yawansa kafin a ƙirga, kuma da wuya ta kuskure. Bayan ta yi aure ta shekara shida tana sarin ƙwai a gonar wasu, tana ɗorawa a ka tana kai wa masu shayi da masu ƙananan shaguna. Daga nan ta sayi 'yan tsaki arba'in, ta kewaye musu lungun bayan kicin da kwali. Goma sha ɗaya suka mutu a makon farko. Mijinta, wanda muke kira Baba Mai Rediyo saboda gyaran rediyo da agogo yake yi a shagon ƙofar gida, har yau yana cewa a makon ne kaɗai ya taɓa ganin hawayenta.

"Kuma ba don ni ba," in ji shi. "Ni na yi zazzaɓin kwana tara, ko ɗigo ban samu ba."

Lokacin da na yi wayo, arba'in ɗin nan sun zama gona a bayan gari. Dogayen ɗakuna biyu ne masu rufin kwano, ginin ya tsaya iya ƙugu, daga nan zuwa sama waya ce don iska ta ratsa. Ɗaya ana ce masa na gabas, ɗaya na yamma, kowanne da kaji fiye da dubu. A gefe akwai ƙaramin ɗakin reno inda ake ɗumama 'yan tsaki, sai sito, sai tankin ruwa a kan ƙarafa. Mutum huɗu ke mata aiki. Akwai Dogo, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ya shekara tara yana ba kaji abinci da magani. Akwai Maman Biyu da ƙanwarta, masu tsintar ƙwai su jera a kiret, talatin-talatin. Sai direba mai jan a-kori-kura.

Babban mai sayenta shi ne wani Alhaji mai gidan burodi. Kiret hamsin yake ɗauka kowace safiya, shekara goma sha ɗaya ba fashi. Abin da ya rage, kiret goma sha biyu zuwa sha biyar, shi ake raba wa masu shayi da masu shaguna. Kowa a gonar ya san hamsin ɗin nan su ke riƙe da wurin. Kowa kuma ya san akwai wata babbar gona mai motoci masu tambari da ta daɗe tana aika wa Alhajin wakili.

Sai na ɗan bayyana yadda sana'ar take, don wanda bai sani ba ya gane abin da ya faru. Kaza ba ta fara ƙwai sai ta kai kamar wata biyar. Takan yi shekara ɗaya da 'yan watanni tana yi da kyau, daga nan sai ta fara ja da baya, cin abinci kuwa ba ta ragewa. Saboda haka dole mai gona ya yi odar sababbin 'yan tsaki tun tsofaffin suna ganiyarsu, tun ba a ga alamar komai ba. Shi ya sa Goggo ta raba ɗakunan biyu, ba shekarunsu ɗaya ba: idan na yamma sun tsufa, na gabas suna tashe, 'yan reno kuma suna tasowa.

Goggo ba ta ajiye littafi. Bangon sito ne littafinta. Da gawayi take rubuta ranar da kowane rukuni ya iso, ranar rigakafi, da ranar da za a kira kamfanin ƙyanƙyasa a yi oda. Wannan ta ƙarshe takan zagaye ta sau biyu.

Wayarta kuwa tana cikin wata 'yar jaka ta yadi da take ratayawa a wuya. Na sha kwana a gidanta in bi ta gona da safe, don haka wannan da idona na gani. Kafin ta sauke ƙafa daga mota wayar ta fara.

"Mai Ƙwai, jiya biyu sun fashe a nawa."

"To, za a ƙara maka biyu. Direba! Mai shayin bakin tasha, ƙara masa biyu."

Kafin ta ajiye, Maman Biyu ta leƙo: "Goggo, ƙananan nan a haɗa su da manya ko a ware?"

"Ware. Jiya ma haka na ce, shekaranjiya ma haka."

"Ai gara in tambaya, kar ki zo ki ce wa ya sa ni."

Sai Dogo ya zo da kaza a hannu wadda idonta ya kumbura. Sai mai kawo dusar katako ya kira ya ce tayarsa ta yi faci. Sai direba ya tambaya ta wace hanya zai bi, alhali shekara huɗu yana bin hanya ɗaya. Duk wannan Goggo takan amsa a tsaye, tana tafe tana duba mazubin ruwa. Kuma gaskiya tana jin daɗin abin. Baba Mai Rediyo yana ce mata Manaja. Yakan ce, "Manaja, in kaza za ta yi ƙwai a gonar nan sai ta kira ki ta nemi izini."

A shekarar da nake magana, labari ya zo cewa abincin kaji zai yi tsada, sai ta sayi na wata uku a lokaci guda. Ranar da motar ta zo tana can tana fama da famfon tanki da ya lalace. Masu sauke kaya suka jera buhunan inda suka ga dama, suka jingina su da bangon nan tun daga ƙasa har kusa da rufi. Ranar oda ta shige bayan buhuna.

Wasu a dangi sukan ba da labarin kamar buhunan ne suka jawo komai. Ita da kanta ta hana ni rubuta haka. Ta ce, "Buhu ya rufe bango, bai rufe kaina ba. Na san lokaci ya yi. Kullum sai in ce bari in gama da wannan tukuna, in na zauna zan kira su. Ni kuwa yaushe rabona da zama?" Dogo ma ya ce sau biyu ya tuna mata. Duka biyun waya na kunnenta, ta ɗaga masa hannu ta ce ta ji.

Ranar da aka ɗauke layin buhuna na ƙarshe, Dogo ne ya tsaya yana kallon bangon. Ya je ya kira ta, ya nuna mata da baki. Mako goma cif da wucewar ranar.

Nan take ta kira kamfanin. Yarinyar da ke ɗaukar oda ta ce layi ya yi tsawo, sai bayan mako bakwai. Goggo ta yi magiya, ta ambaci shekarun da ta yi tana saye a wurinsu. Yarinyar ta ce, "Wallahi Mama da ina da su da na ba ki. Ƙwan ma ba a sa shi a inji ba tukuna."

A lokacin ɗakin yamma ya riga ya fara sauka. Daga kiret talatin ya dawo ashirin da huɗu, kuma kowane mako yana zubar da ɗaya ko biyu. Na gabas yana ba da talatin da biyu. Ba ta buƙaci alƙalami ba. Nan da wata biyu hamsin ɗin Alhaji ba za su cika ba, kuma za a yi kusan wata biyar a haka kafin sababbi su fara.

Da la'asar ɗin ranar ta kira babana ya zo gida. Na bi shi. Muka tarar da ita a falo ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, abin da ban saba gani ba. Baba Mai Rediyo na gefe da buɗaɗɗen agogo a kan cinyarsa.

Babana ya ce, "Yaya, ki yi shiru kawai. Idan lokacin ya zo ki riƙa sayo cikon a kasuwa kina haɗa masa. Ina zai sani?"

"Zai sani a ranar farko. Mutumin da ke fasa ƙwai dubu da ɗari biyar kullum, kai kake gani ba zai gane na kwana goma ba?"

Baba Mai Rediyo bai ɗago ba ya ce, "Ba akwai masu sayar da waɗanda suka kusa fara ƙwai ba? Waɗanda wani ya rena ya gaji?"

"Akwai. Amma ba a saya ta waya. Sai ka je ka ɗaga kaza da hannunka, ka ga inda ta kwana. Kuma ba a kusa suke ba. Tafiyar kwana uku ce ko huɗu."

"To ki je mana."

"In je? In bar wa wa gonar?"

"Wa Dogo."

"Dogo bai taɓa..."

"Bai taɓa ba don ba ki taɓa barinsa ba. Shekara tara. Yaron da aka haifa ranar da ya fara aiki yanzu yana aji huɗu, shi kuwa har yau sai ya tambaye ki kafin ya buɗe buhu."

Goggo ta harare shi. "Kai da ko kazar gida ba ka iya kamawa."

"Shi ya sa ban ce ki bar mini ba."

Babana ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Wayar ta yi ƙara a wuyanta sau uku muna zaune, duka ta amsa. Na ukun mai shago ne yana tambaya ko gobe direba zai iya zuwa masa da wuri. Da ta gama ta daɗe tana kallon wayar a tafin hannunta.

Washegari da safe, a gaban kowa, ta cire jakar daga wuyanta ta miƙa wa Dogo. Maman Biyu ta ce Dogo ya karɓe ta da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Goggo ta ari tsohuwar wayar mijinta, wadda mutum uku kaɗai suka san lambarta, ta ce kada a kira ta sai in wuta ce ko annoba. Shekara goma sha huɗu ke nan tun da ta kafa gonar, ba ta taɓa yin yini guda ba ta taka cikinta ba.

Gona uku ta zaga. Ta farko kajin suna tari, ko shiga ba ta yi ba, daga ƙofa ta juya. Ta biyu mai ita ya ce makonsu goma sha shida, ta ɗaga guda ta ji nauyinta ta ce masa, "Ɗana, wannan ba ta kai goma sha biyu ba," ya yi ta rantse-rantse, ta wuce. A ta uku ta samu wani tsohon ma'aikaci da ya zuba kuɗin sallamarsa a kaji, ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Guda ɗari biyar ne, makonsu goma sha biyar, da katin rigakafinsu a cike. Ta duba idanunsu da ƙafafunsu da kashinsu, ta kwana a garin, ta dawo da safe ta sake dubawa kafin a share ɗakin. Sannan ta saya. Dubu take nema, ɗari biyar ta samu.

Amma idan ka tambaye ta labarin tafiyar, ba kajin take fara faɗa ba. Zaman mota take faɗa. Awa shida zuwa, awa shida dawowa, ba abin da ke ƙara a wuyanta. Ta ce awa ta farko hannunta sai kaiwa ƙirji yake yi yana laluben jaka. Daga baya ta fara bin shekarun baya ɗaya bayan ɗaya a kanta, sai ta ga ashe ba bana ta fara makara ba. Bara ta makara da mako uku, bara waccan da biyu. Kowace shekara kajin sukan rufa mata asiri, ita kuma ta ɗauka iyawarta ce. Ta ce, "Ina ta gudu a cikin gonar nan, ashe ba wanda ke kallon inda gonar ta dosa. Aikina ne, kuma shi kaɗai ne aikin da ba wanda zai kira ni a waya ya tuna mini."

A motar ne kuma ta yanke shawarar abin da za ta gaya wa Alhaji.

Da ta dawo ta tarar gonar na nan. Famfon tanki ya sake tsayawa, Dogo ya kira mai gyara bai tambayi kowa ba. Ya sauya wa direba hanya don a fara kai wa gidan burodi, abin da ya sa mai shayin bakin tasha ya yi fushi ya ce an raina shi. Direba kuma ya faɗa rami ya fasa kiret huɗu. Goggo ta fara faɗa tun daga bakin ƙofa.

"Wa ya ce ka sauya hanya?"

"Ba kowa, Goggo. Ke kika ce kar a kira ki."

"To da ka bar ta yadda take!"

"Tsohuwar hanyar ana aikin kwalbati. Da mun bi ta, da Alhaji bai ga ƙwai ba sai ƙarfe tara."

Maman Biyu, da ke jera ƙwai tana saurare, ta ce, "Ni dai kwana ukun nan ban tambayi kowa komai ba, kuma ƙananan na ware su."

Sababbin ɗari biyar ɗin aka zuba su a ɗakin reno, wanda dama ba kowa a ciki. Ko sun kai ganiyarsu, abin da za su bayar bai wuce kiret goma sha uku ko sha huɗu ba, tsofaffin kuma dole a sayar da su kafin su cinye gonar. Idan ta yanke masu shayi da masu shaguna gaba ɗaya, za ta iya lallaɓawa ta kusa cika wa Alhaji hamsin ɗinsa. Idan ta riƙe su, talatin da biyar kaɗai za ta iya yi masa alkawari. Babana ya ce ta yanke ƙananan, ai wata biyar ne. Ta ce a'a. Na ɗauka tausayi ne, don wasunsu tun tana tallar ƙwai a ka suke saye a wurinta. Da na faɗa mata haka ta ce, "Tausayi na nan, amma ba shi ba ne. Su goma sha bakwai ne, ba za su tafi rana ɗaya ba. Shi kuwa mutum ɗaya ne. Ranar da ya juya baya, ya tafi da gonar a aljihunsa. Na daɗe da sanin haka, ban taɓa zama na dube shi ba."

Ta je gidan burodin da hantsi, saura mako shida kafin ƙwan ya gaza. Direba ne ya kai ta, shi ya ba ni wannan ɓangaren, ita ta cike. Ofishin Alhaji ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan tanda, zafi kamar me, fulawa ta yi fari a kan tebur da kujeru. Ya kaɗe mata kujera da hularsa.

"Mai Ƙwai da kanta? Lafiya dai? Ko direbanki ya kai ƙarata?"

"Lafiya lau, Alhaji. Laifi na yi na zo in faɗa da bakina."

Ta gaya masa komai, ba ta sa buhuna a ciki ba. Ta ce daga mako na shida talatin da biyar za ta iya kawowa, har tsawon wata biyar, bayan nan hamsin za su dawo.

Alhaji ya daɗe yana murza goshinsa. Ya ce, "Kin san burodi ba ya jira. Sha biyar ɗin nan dole in nemo su."

"Na sani. Shi ya sa na zo tun yanzu."

"Kuma mutanen nan masu motoci ba za su karɓi wata biyar ba. Takarda suke sa hannu, shekara guda mafi ƙaranci. In na ba su sha biyar, na ba su ke nan."

"Na san da haka."

"Ba za ki yanke wa masu shayinki ki cika mini ba? Shekara goma sha ɗaya fa, Hajiya."

"Ba zan yanke ba, Alhaji. Ka yi haƙuri."

Direba ya ce a nan ya sadaƙar an rasa duka. Alhaji ya tashi ya leƙa tanda, ya yi wa wani ma'aikaci faɗa a kan abin da bai kai a yi faɗa ba, ya dawo ya zauna.

"Da kin yi shiru har ranar da motarki ta shigo da talatin da biyar, wallahi da ranar ce ta ƙarshe. Yanzu kuwa ki kawo talatin da biyar ɗin. Amma kar wata rana in ga talatin da huɗu."

"Ba za ka gani ba."

Bai gani ba. Sababbin 'yan tsakin suka iso a lokacin da kamfanin ya faɗa, suka girma, ƙwai ya dawo har ya yi yawa. Da shekara ta zagayo Goggo ta koma ta tambayi sha biyar ɗinta. Alhaji ya ce mutanen ba su yi masa laifi ba, ba shi da hujjar korarsu, kuma shi ma ya gane daɗin saye a hannu biyu. Sai da ta yi wata huɗu tana bin otal-otal da shagunan unguwanni da ƙafarta kafin ta sama wa rarar masaya, a ƙaramin farashi, kiret biyu nan, uku can. A watannin ƙanwar Maman Biyu rabin yini take aiki.

Shekara uku ke nan yanzu. Da na karanta mata abin da na rubuta, na tsaya a inda Alhaji ya ce ta kawo talatin da biyar, don a ganina nan ne labarin ya yi daɗi. Ta ce in ci gaba. Na ce iya nan ne.

"A'a. Ki sa cewa sha biyar ɗin ba su dawo ba. Jikokina za su karanta, kar su ɗauka kyauta na sha."